Sikelinka Ya Ƙi Komawa Sifili

Baban Hauwa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, takardar da babu lissafi a cikinta ba ta cika samun idonka ba.

Na fita takaba. Hauwa ta koma makaranta, ɗalibanka na sakandare sun daina zuwa gaisuwa. Gero ya yi kyau a gonar Zango. Mutane na ta yabon haƙurina, ni kuwa ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In ci, in yi salla, in kwanta.

An yi rabon gado. Da aka zo kan sikelin da ka ƙera, malamin da ke rabon ya juya shi, ya rasa sunan da zai ba shi. Ƙanenka Sabi'u ya ba da shawarar a haɗa shi da matattun agogunan da ka tara, a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Sikelin da ke gane nauyin ƙwayar gero guda fa. Na sa aka saka mini shi cikin tumunina a madadin firij. Har yau yayata ba ta huce ba.

Ka tuna yadda kake tare ni da bayani ina tsakiyar tuƙin tuwo? Wai cikin agogo akwai ɗan dutse mai kama da gilashi, kwaz kake ce masa, da batir ya taɓa shi sai ya yi ta karkarwa ba ƙari ba ragi. In aka ɗora masa nauyi karkarwar ta canza, canjin ne ke fitowa a lambobi. Ni dai kai nake gyaɗawa, hankalina na kan tukunya. Ban taɓa gaya maka ba, amma ina son yadda kake riƙe numfashi in za ka aza ƙwayar.

Jiya na goge shi, na sa sabon batir, ya kama. Farantin babu komai, amma lambobin sun nace akwai nauyi a kai. Na rufe taga, na jira rana ta yi sanyi kamar yadda kake yi. Bai sauka ba. Akwai abin da kake murɗawa ta baya kafin ka fara awo, wanne ne a cikin maɓallan da ke wurin? Me ya sa fuskarka nake kallo ba hannunka ba?

Ina tsoron in taɓa in ɓata saitin da ka yi na ƙarshe. Na bar shi a kunne kan teburinka, har sai batirin ya gaji.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai na iso.

Matarka,
Maman Hauwa