Ragowar Ƙwayoyin da Na Ba Auta

Litinin, 3 ga Maris
Ƙanwata Auta ta zo shagona tana kukan ciwon mara. Na buɗe gwangwanin da nake tara ragowar magunguna, na ba ta ƙwayoyin da Baban yara ya rage bara. A gidanmu dama "Likita" suke ce mini, ni da ban san wata allura ba sai ta ɗinki.

Asabar, 8 ga Maris
Zazzaɓi, ido jajir, ƙuraje a ƙirji. Ta tambaye ni ko ta daina sha. Na ce ta shanye, ciwon ne ke fita. Da bakina na faɗa.

Talata, 11 ga Maris
An kwantar da ita a asibiti. Leɓɓanta sun kumbura sun farfashe, fatar bayanta tana saɓulewa tana manne wa zanin gado. Ko ruwa sai da sirinji ake ɗiga mata. Likita ya ce irin wannan yawanci magani ke jawo shi, ya tambayi me ta sha. Auta ba ta iya magana, ta dai dube ni. Na ce ban sani ba. Ga Inna tsaye, ga mijin Auta tsaye, ina zan sa kaina?

Laraba, 12 ga Maris
Inna sai sa mini albarka take, wai Auta ba ta da mai jinya kamata. Gara ta mare ni.

Juma'a, 14 ga Maris
Likita ya sake tambaya. Ya ce, "In ba mu san wanne ne ba, wata rana wani zai sake ba ta, kuma na biyu ba lalle ta tashi ba." Na shige banɗaki na yi kuka mai isata. Tsoron kunya ya sa ina wasa da ran yarinyar da na goya.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kai wa likita kwalin maganin, a gaban kowa. Bai yi faɗa ba, ya rubuta sunan da jan biro a katinta, ya ce ta riƙa nunawa duk inda za a ba ta magani. Mijinta ya fice. Inna ta ɗauke kai, har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba. Ban ce na samu sauƙi ba, amma yau na iya cin abinci.

Da la'asar na jiƙa auduga zan goge wa Auta baki. Da ƙyar ta motsa leɓɓa.

"Yaya, a hankali."

Ba ta kau da fuska ba.