Kwanon Harirar da Ke Hucewa

Tidwan, Maroko, cikin goman tsakiya na watan azumi.

Zuwa ga Yayana Layashi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuhur da yara. Yaya ibada, yaya doguwar ranar Beljiyam? Allah Ya karɓa mana baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta matsa sai da aka soya shabbakiyar bana, kayan zaƙin nan na azumi, a gabanta, tana ta faɗa wai mun yi rowar riɗi da zuma. Maigidana Mufaddal yana nan shagonsa da zafin kan nan nasa da ka sani. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban da ke kai muku kaya. Ban kira ka ba ne don gidan nan ko tari ka yi a waya sai an ji, kuma ba na so maganar ta kai kunnen Zuhur kafin ka gama karantawa. Ka samu wuri ka zauna.

Maganar ɗana Nawfal ce. Ka san ya fi shekara yana karɓar ruwan maganin nan, metadon, a cibiyar masu shaye-shaye da ke bayan tashar mota. Ka kuma san ni ban taɓa yarda da wurin ba. Mutum yana shan ƙwaya, ka ce za ka raba shi da ita, sai ka miƙa masa wata a ƙaramin kofi? Waɗanda ba su daina tsira wa kansu allura ba kuma a ba su sabbin sirinji kyauta, wai don kada su ɗauki cuta. Kyauta fa, Yaya! A garin da ko audugar asibiti sai ka saya. Na sha tambayar kaina me suke samu, wa yake biyansu. Amma dai yaron ya yi ƙiba, ya koma aikin fenti, cokulana sun daina ɓacewa, har suka yarda da shi suna ba shi na mako guda ya taho da shi gida. Sai na ja bakina na yi shiru.

To, tun da aka ga wata, Nawfal bai sha ruwa da mu ba ko sau ɗaya. Ana saura kaɗan a buga igwar shan ruwa, lokacin da kowane ɗan halak yake gudu ya shiga gida, shi kuma sai ya zura takalmi ya fice. In zuba masa harira, miyar nan tamu ta buɗa baki, ta huce, ta yi fata a sama, in mayar tukunya. In ya dawo bayan isha'i na tambaye shi, sai ya ce wai yana cibiya. Na ce cibiyar me, alhali ga kwalbarka can a kulle cikin kabad? Sai ya sumbaci goshina ya ce in yi haƙuri, amana ce. Amana! Wannan bakin ne fa ya taɓa rantse mini cewa ɓarawo ne ya ɗauke awarwarona. Na shinshina rigunansa, na duba hannuwansa yana barci da rana, na zazzage aljihunsa. Abin da na samu wani ɗan abin fesawa a hanci. Ya ce na farfaɗo da wanda ya sha ya wuce kima ne. Na ce wanda ya daina, me zai yi da shi? A raina, wallahi, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Ana cikin haka ka kira Mufaddal. Ina kicin amma na ji ka sarai, don ba ka iya magana a hankali ba tun muna yara. Ka ce cibiyar nan shagon ƙwaya ce da hatimin hukuma, ka ce mu muka sangarta yaron, ka ce a dubi ɗanka Rida, da ka turo shi tun da sanyi ya kula da gyaran gidanka da ke garin Martil, ko sigari bai sani ba. Mufaddal ba ya tsallake maganarka. Yana ajiye waya ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa ranar sallah da yamma Nawfal zai kwashe kayansa ya bar masa gida. Inna ta yi kuka, ni ko hawaye ban samu ba.

Shekaranjiya na ce yau sai na gani da idona. Na juye harira a ƙaramar tukunya, na ce da Mufaddal zan miƙa wa maƙwabciya, na bi bayan yaron daga nesa. Titi wayam, ko mage babu. Bai waiwaya ba har ya shiga cibiyar. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da tukunya kamar wata sakarya. Wata mata ta leƙo, sai na ga Lalla Fattuma ce, uwar Ilyas, abokin Nawfal da ya rasu bara. Ta ce in shigo mana, ko na zo gadin ƙofa ne? Na ce me ya kawo ta wannan wuri? Ta ce abin da ya kawo ni da tukunya.

Ita ta warware mini. Ta ce bara da safe kawai ake ba da maganin, a sha a gaban ma'aikaciya, layi har waje, unguwa tana kallo. Da azumi ya kama, Ilyas ya ce shi ba zai ɗaga kofi da rana tsaka mutane su ce ga kafiri ba. Ya daina zuwa. Jiki ya murɗe shi, ya koma wa hodar da yake shaye-shaye da ita, ya ɗauki yadda ya saba a da, jikin kuwa ya riga ya manta. A bayi ta same shi. Bana yaran da kansu suka taru suka ce a mayar musu da lokacin zuwa shan ruwa, sa'ar da babu ido a titi. Ma'aikatan suka yi ta jan ƙafa, don su ma suna da iyali, daga baya biyu suka yarda. Ita kuma take kawo dabino da miya. Na ji ta, amma a raina ina cewa wannan duk bai gaya mini abin da Nawfal yake yi a nan ba.

Sai igwa ta tashi. Na leƙa ɗakin, na ga Nawfal tsaye a gefen layi, hannunsa babu kofi, ya dafa kafaɗar wani. Wanda ya dafa ya yi bismilla, ya ci dabino, ya shanye kofin, ya juyo. Yaya, Rida ne.

Lalla Fattuma ce ta karɓe tukunyar daga hannuna. Da Rida ya gan ni ya rufe fuska da hular jallabiyarsa, ya yi ta cewa Gwaggo, Gwaggo, ya kasa ƙarasawa. Daga baya ya gaya mini tun a can wajenku ya fara shaye-shayen. Ya ce kafin azumi Nawfal ya je Martil ya tarar da shi a ƙasa, leɓɓansa sun yi baƙi, ya fesa masa abin nan a hanci har ya dawo. Shi Rida sabon shiga ne a cibiyar, dole kullum ya sha a gabansu, kuma in ba a rako shi ba ba ya iya tsallake ƙofar. Shi ya sa Nawfal ya haɗiye zagin ubansa da bincikena. Na ce da Rida zan gaya maka. Ya ce in dai sai an faɗa, to in faɗa, shi bakinsa ba zai iya ba.

Har yanzu ban san wa ke biyan kuɗin sirinjin nan ba, kuma zan ci gaba da tambaya. Ba don in rama na rubuto ba, Allah shaida. Abu biyu nake roƙo. Kada ka kira Rida da ihu, in ba ka da kalma mai sanyi ka bari sai ka samu. Sannan ka kira Mufaddal kafin sallah, da bakin da ka ɗaura maganar, ka kwance ta. In ya ce ya riga ya rantse, ka tuna masa kaffara ciyar da mutum goma ce, ni kuma na san ɗakin da suke zama a cibiyar nan. In Nawfal ya bar gidan nan, ban san wanda zai riƙa raka ɗanka ba.

Ka gaida Zuhur, ka gaya mata a hankali. Ka gaida Wi'am da Sufyan. Inna tana sa muku albarka, ba ta san komai game da Rida ba. Ranar nan Rida ya shanye kwano biyu na harirata, yana hurawa yana ɓata fuska kamar yadda kake yi. Yana raye, Yaya, na taɓa shi da hannuna.

Ƙanwarka,
Ruhimu