Ba Zan Koma Kujerar Baya Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin? Mu nan lafiya, sai gwiwata ta hagu da ke ta ƙorafi kamar ma'aikacin da aka hana ƙarin girma.

Na ji ke da yayanki kun haɗa hannu za ku saya mini sabuwar mota, tunda tsohuwar ta ce ga garinku nan. Allah ya yi muku albarka. Sai dai jiya da yayanki ya kai ni wurin masu sayarwa, tun daga ƙofa na gane an gama shawara ba da ni ba. Dillalin yana ce mini Baba, idonsa na kan yayanki. Ya buɗe mini wata otomatik, wai ko jariri zai tuƙa ta. Na ce masa to ya nemo jaririn ya sayar masa.

Kada ki ɗauka duhun kai ne. Na karanta aikin inji, na koyar da shi, tun dillalin nan bai san hannun damansa ba. Abin da na sani shi ne, kaf gidan nan ba wanda ya iya taka kuloci sai ni. Idan otomatik ta shigo, da farko tawa ce. Daga nan matar yayanki ta ari makulli ta kai yara makaranta. Kafin a ankara sai a ce Baba ya huta, a mayar da ni kujerar baya da ledar cefane a cinya. Haka aka yi mini a wurin aiki: aka ba ni ofis mai labule da sunan mai ba da shawara, aka riƙa janye aiki daga teburina, har na gane ni ma cikin kayan ɗakin nake.

Mai giyar hannu nake so. In ba ita ba, ku riƙe alherinku.

Ki gaida kowa. Ni ne naki,
Babanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Sallama da fatan alheri. Yaya gida, yaya aiki? Na gode da kika tsaya a bayana. Mota ta iso, fara, giyarta na shiga kamar wuƙa a kube. Yayanki ya ce bari ya matsar da ita daga bakin ƙofa; ta yi tsalle irin na akuya ta mutu a hannunsa. Rabon da in yi dariya haka har na manta.

Akwai labarin da na fi so ki ji daga bakina, don na san an riga an sa masa gishiri. Ina kai matar yayanki kasuwa, danja ta tsayar da mu a kan hawan nan na kusa da asibiti. Da aka ba da hannu, na ce wa ƙafata ta taka kuloci, ta ce ba da ita ba. Mota ta fara zamewa baya, na baya suna ta oda, wani direban babbar mota ya leƙo yana cewa tsoho ya koma gida ya yi renon jika. Na ja birkin hannu, na ɗauko sandata, na danna kuloci da ita, na sa giya, muka haye. Ko fenti bai goge ba. Ita kuwa baiwar Allah salati ta yi ta yi har kasuwa, ta dawo a tasi.

Yanzu gidan ya cika da raɗa. In na shigo sai a yi shiru, a tambaye ni ko na sha magani. Makulli yana aljihuna, da shi nake kwana.

Naki kullum,
Babanki

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma fata takardata ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ga saƙonki, na kuma ga hannun yayanki a cikinsa, don ke ba kya cewa "don amfanin kanka".

Likita ya ce gwiwar sai an yi aiki, kuma ko an yi, ita da kuloci sai kallo. Ban musa ba. Amma ashe tun kafin likita ya buɗe baki yayanki yana zuwa makarantar koyon tuƙi a ɓoye, yana koyon giyar hannu. Mai gadin makarantar ne ya tare ni yana taya ni murna, wai na kusa samun direba.

Na zauna na zana abin da nake so da hannuna, na kai wa bakanike da mai walda. Suka cire abin takawar, suka ɗauko kuloci suka kawo shi gefen sitiyari, da mariƙi irin na birkin keke. Da hagu nake matsawa, da dama in sa giya. Mai walda ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya biya a ƙara wa motarsa wuya ba. Na ce masa yau ya gani.

Shekaranjiya yayanki ya zo da fara'arsa, ya ce in ba shi makulli ya nuna mini wani abu. Na ba shi. Ya zauna, ya gyara madubi, ya miƙa ƙafar hagu, ya taka iska. Ya daɗe yana kallon ƙasan motar. Sannan ya fito, ya ajiye makullin a kan bonet, ya shige gida. Na zaci zan yi dariya irin ta wancan karon, sai ba ta zo ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ban yi nadama ba, kada ki rubuto kina neman ta. Amma tunda ke yake ɗaga wa waya, ki gaya masa ranar Talata zan kai kaina asibiti a sa ranar aiki. In yana son raka ni, da hantsi zan tayar da mota. Zan tsaya a bakin ƙofa gwargwadon ɗumamar inji, ba ƙari.

Allah ya yi miki albarka. Ni ne,
Babanki