Ku Mutanen Ina Ne Ma?

Litinin, 9 ga Yuni, 1958

Yau na shiga gaban kwamiti. Guri ɗaya ne tak za a ba ɗalibin kwalejinmu ta horon malamai ya wuce jami'a a Legon kusa da Ankara, gwamnati ta ɗauki nauyinsa, kuma na 'yan arewacin ƙasar nan ne. Mu biyu aka kira, ni da Moro. Moron da ya gama kwalejin nan yana leƙen lissafina.

Bature ne a tsakiya, wakilin sarkin Dagomba a dama, a hagu kuma Alhaji Zubeiru, kansilan unguwarmu Sabonjida a nan Tamale, kawun Moro. Duk abin da Baturen ya jefo na cafe. Har na miƙe zan fita sai Alhaji ya juya harshe zuwa Hausa, yana murmushi, ya ce, "Tahidu ɗana, ku mutanen ina ne ma?" Na rusuna na ce, "Katsina, Baba." Har da ƙarin sunan unguwar kakana, don a san ba daga sama muka faɗo ba. Ya fassara wa Bature, Bature ya rubuta.

Sai a kan keke na fara zargin tambayar nan.

Juma'a, 20 ga Yuni

Moro aka ba.

Shugaban kwaleji ya ce ya yi baƙin ciki, amma gurin na 'yan ƙasa ne, ni kuwa da bakina na ce mutumin Nijeriya ne. Ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin Mma, mahaifiyata. Ni da ko kogin Yeji ban taɓa ƙetarewa ba, balle in ga Katsina. Kowane ɗan zango, wato unguwar baƙi irin tamu, aka tambaye shi garinsu, garin kakansa yake faɗa, haka aka koya mana tun muna rarrafe. Alhaji ya fi kowa sanin haka, shi ya sa ya yi tambayar da Hausa. Da aka tambayi Moro, wai cewa ya yi, "Tamale." An yi masa bita a gida ke nan.

Asabar, 21 ga Yuni

Ban ci tuwo ba. Allah ya isa.

Lahadi, 29 ga Yuni

Alhaji ya aiko mana da cinyar ragon layya, Baba mahaifina kuma ya karɓa har da sa albarka. Na ce masa mutumin nan ya yanka ni. Ko ɗaga kai bai yi daga fatar da yake ɗinki ba, ya ce, "To da me za ka ce? Dattijo ya tambayi asalinka ka ce Sabonjida, kamar wanda aka tsinta a kasuwa?" Wato shi alfahari ma yake da amsar. Mma dai kuka ta yi a madafa, ta ce hayaƙi ne.

Kasona na naman na kai bayan mayanka na jefa wa ungulu. Na tsaya har suka cinye.

Talata, 15 ga Yuli

An tura ni koyarwa ƙauyen Gbalahi. Laka har gwiwa, rabin hanya ni nake ɗaukar keken. Aji na yoyo, yara suna riƙe da allunansu a ka. Duk ramin da na faɗa sai in kira sunan Alhaji. Ba na son ya mutu, mutuwa ta yi masa sauƙi. So nake ya tsaya gaban tebur, a yi masa tambaya ɗaya, ya rasa komai.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na gamu da Imoru a kasuwa, wanda muka yi firamare tare. Yanzu shi ke yawo da motar lasifika ta jam'iyyar gwamnati. Tun bara aka yi dokar korar baƙi, an ma kwashi wasu manyan zangon Kumasi an mayar Nijeriya. Alhaji kuwa ɗan adawa ne, ya daɗe yana tsone musu ido.

Na ce wa Imoru a Sakkwato aka haife shi, a goye aka kawo shi ƙasar nan, kowa a unguwa ya sani, amma a ofis cewa yake Salaga, garin ƙasar nan. Imoru ya ce da Hausarsa ta Dagomba, "Tica, maganan mutum ɗaya ba shi isa. In ji da kunnena, gaban mutane, shi kuma bai musa ba. Sa'an nan lori shi zo."

Na daɗe ban ji sanyi a raina kamar yau ba.

Litinin, 25 ga Agusta

An yi wa Alhaji jika jiya. Suna ran Lahadi. Jibirilu sanƙira zai zo, shi da ya haddace asalin kowa a zango, kuma ba a taɓa suna bai kwarara wa mai gida kirarin inda aka haife shi ba. Alhaji ba zai musa ba, hularsa ma zai gyara, ya ba da tukuici. Da Hausa ya kama ni, da Hausa zan kama shi.

Na aika wa Imoru. Ya ce zai sa riga da hula ya zo kamar ɗan gayya.

Lahadi, 31 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Da sassafe muka zauna a gefen tabarma ni da Imoru. An yi addu'a, an raɗa suna, ana rabon goro, Jibirilu ya miƙe ya gyara murya. Abin da na manta, ni mai wayo, shi ne ba da mai gida yake farawa ba. Da dattawa yake farawa, babba kafin ƙarami, mai gida a ƙarshe. Babban dattijo a tabarmar nan kuwa Baba ne.

"Baduku ɗan baduku, haifaffen birnin Katsina, wanda ya tako da ƙafarsa bayan jakunan fatake har Gwanja." Baba ya ɗaga hannu yana jinjina, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Imoru ya karkato ya ce, "Wannan tsoho wane ne? Shi ma ɗan can ne?" Bai gane shi ba.

Jibirilu ya ci gaba. Liman, Zazzau. Mai gyaran keken da ke bina da hira kullum, Kano. Mijin gwaggo Lariba, Barno. Ɗaya bayan ɗaya suna gyara zama suna murmushi, Imoru yana nanata sunayen a hankali. Ya daki cinyata ya ce, "Kai, Tica, ka kawo ni gona paa, babban gona. Lori ɗaya ba shi ɗauka."

Sai na ji kaina ina dariya. Na ce masa, "Ka yarda da maroƙi? Kowa ya ba shi goro sai ya ba shi birni. Makon jiya ni jikan sarkin Masar ya yi ni. Tsohon nan ubana ne, a Salaga aka haife shi." Ƙarya a kan uban da ya haife ni, yana zaune ina kallonsa. Imoru ya ɓata rai ya ce to me ya sa na taso shi. Na ce na zaci wani dattijo ne zai yi jawabi, ashe bai zo ba.

Sai ga Jibirilu ya iso kan Alhaji. "Haifaffen Sakkwato, goyon Shehu." Ƙarara, har tsallaken titi an ji. Maganar da na yi wata biyu ina jira. Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa, har na riƙe ciki, don kada Imoru ya ɗauke ta da gaske. Ya yi tsaki ya tashi, ko waina bai tsaya ci ba.

Alhaji ya ga Imoru, ya ga wanda ya zauna kusa da shi. Muka haɗa ido. Ya gane duka, har da dariyar.

A hanyar gida Baba yana ta yaba muryar Jibirilu. Na riƙe masa buzunsa.

Laraba, 10 ga Satumba

Shugaban kwaleji ya ce in sake nema baɗi, zai tsaya mini. Mu gani. Na san amsar da kwamiti ke so yanzu, amma duk lokacin da na gwada faɗinta sai in ga fuskar Baba a tabarmar nan.

Laraba, 1 ga Oktoba

Moro ya tafi Ankara yau. Ni ba rakiya na je ba, tayar keke na je nema kusa da tasha. Littafina na lissafi da ya saba leƙe yana cikin jakata, ban san yadda aka yi ba, sai na miƙa masa ta tagar lori. Kada ya je ya kunyata mu a gaban 'yan kudu, shi ke nan dalili. Ya ce, "Yaya Tahidu," bai iya ƙarasawa ba. Gara da bai ƙarasa ba.

Ban yafe ba, a rubuta wannan. A tashar Alhaji ne ya fara gaishe ni, dattijo da shi, har ya cire hannu daga aljihu. Na amsa don mutane na kallo. Ya danƙa mini goro fari guda ɗaya.

Na biyo ta bayan mayanka, ungulu na nan yadda na bar su. Goron yana aljihuna har yanzu. Ban ci ba dai.