Rijiyar da Gershon Ya Haƙa

Litinin, 4 ga Fabrairu, 1991
Na yanke shawara: gidan nan sayar da shi zan yi, in koma Manchok kusa da 'yata Faustina. Tun da Gershon ya tafi wurin Ubangiji ni kaɗai nake yawo a ɗakunan nan. Jiya bayan sujada ƙanensa Bartholomew ya zo, wai, "Matarmu, mace ba ta iya cinikin gida. In Ista ta zo ba mai saye, ki bar mini, mu shirya cikin dangi." Na san shirin dangi, godiya ce da kaza ɗaya. Za mu gani.

Asabar, 9 ga Fabrairu
An shafa fenti, an canza kwanon da ke yoyo. Kayan aikin reluwe na Gershon na kai coci a ba mabukata, ban da fitilarsa. Sambo dillali ya zagaya, ya tsaya a bakin rijiya ya ce, "Mama, wannan ita ce gidan. Rijiyar da ba ta ƙafewa da rani! Amma caɓin nan da taron matan nan masu ɗibar ruwa, mai kuɗi ba ya so." Shekara nawa ina faɗin haka ba mai ji na!

Laraba, 13 ga Fabrairu
Na kulle ƙofar gida. Maƙwabciyata Sa'adiya ta zo da bokiti, ta ce, "Maman Faustina, ko a rikicin tamanin da bakwai ba a rufe ƙofar nan ba." Na ce gida yana kasuwa yanzu. Ta juya da bokitinta. Su je famfon tasha, ai da ƙafafunsu.

Lahadi, 17 ga Fabrairu
Tsakar gida fes. Ba mai tashi na da asuba. Haleluya!

Alhamis, 28 ga Fabrairu
Mai saye na farko: Martins, ma'aikacin gwamnati daga Kaduna, da matarsa Emilia, a cikin Fijo. Komai ya yi musu. Na jawo ruwa da hannuna, ina ta cika baki, na miƙa mata a kofin baƙi. Ta kurɓa, ta juya ta tofar a gindin gwanda. Na ɗanɗana. Wari, kamar ruwan tulun da aka manta a ɗaki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin yamma Bartholomew ya aiko a gaishe ni. Munafuki.

Juma'a, 1 ga Maris
An leƙa, ba abin da ya faɗa ciki. Sai na tuna abin da Gershon yakan ce in na fara mita: "Beatrice, bar su su ɗiba, rijiya in ba a jan ta lalacewa take." Ni kuwa na ɗauka sanyin halinsa ne kawai. Ɗan bokitin da nake ja a rana me zai yi mata?

Na ɗaura ɗankwali na shiga gidan Sa'adiya. Gaisuwa ta yi tsawo. Ta san abin da ya kawo ni sarai, amma sai da ta bari na faɗa da bakina, muguwa. Sannan ta ce, "To, Maman Faustina, gida ya dawo daga kasuwa ke nan?"

Talata, 5 ga Maris
Sun dawo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Sun ja ta har ƙasa. Caɓi, ihun yara, Afiniki mai tuwo da Sa'adiya suna faɗa a kan guga. Yau sabon ruwa ya taru, garau, ga sanyi.

Asabar, 9 ga Maris
Na sa Sambo ya sake jawo Martins. Sun iske mata cike da gida, ban kori kowa ba. Emilia ta sha kofi biyu! Suna nan tsaye sai ga Alhaji Badruddeen mai sayen citta, shi ma gidan yake so. Martins ya taya, Alhaji ya ƙara, Martins ya sake ƙarawa har ya wuce abin da na sa a raina. Ni dai ina zaune ina fifita. Mace ba ta iya ciniki ba, ko? Na aika wa Bartholomew jarkar ruwa, na ce a gaishe shi da kyau.

Laraba, 20 ga Maris
Martins ya ce in gida ya zama nasa zai rufe rijiya ya sa mata inji. Washegari na kira magini ya ja katanga baya. Yanzu rijiya tana waje a bakin hanya, an bar wa masu gida 'yar ƙofa. Sambo kamar ya yi kuka. Martins ya yi fushi, ya rage wani abu daga kuɗin, amma bai fasa ba, har yanzu kuma ya fi na Alhaji. Don ruwan na yi, ba don kowa ba.

Sa'adiya tana azumi, ta aiko mini da ƙosai da kunun tsamiya. Faustina ta aiko wai yaushe zan taho. Na ce bayan Ista, ba gudu ake ba.

Da asuba hayaniyar masu ɗibar ruwa ta tashe ni, na leƙa taga na yi musu faɗa kamar kullum. A Manchok ban san wa zan yi wa ba.