Tabarmar da Ba Ta Jiƙe Ba

Yaya Ladi,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya Baba da yara?

Na dawo gidana a Greensboro daga ƙasar Filifin, gidan surukan ɗana Bulus. Ina can, da rana tsaka guguwa ta taso daga teku. Maza suka danne rufi da tsofaffin tayoyi, ni ina ƙarƙashin tebur ina kiran Yesu. Rabin kwanon rufin ya tafi. Da iska ta lafa, surukar Bulus ta ga kowa da ransa, ta yi dariya, ta ɗora shinkafa. Tabarma ɗaya ce ba ta jiƙe ba, ni ta shimfiɗa wa. Ni da kullum nake raina gidana!

Wai wata guguwar na tafe, kuma ba su gama rufi ba. Yaya, ki tara mutanen gida ku yi musu addu'a. Gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Rifkatu