Randar da Kika Bari Ɗanya

Zuwa ga Yayata Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, a duk garin da Ya ajiye ki. Ni ce Hansai, 'yar Gwaram, wadda aka kawo aure ƙauyenku na wajen Sundimina, kika koya wa ginin tukwane a rumfar bayan gari. Na yi wannan bayanin ne don shekaru sun ja, ƙila kin haɗu da wasu Hansai da yawa bayana. Ban san inda zan aika miki ba. Zan bayar a buga inda mutane ke karantawa, ko Allah zai sa wani jikanki ya gani ya ce ai kakarsu ake nufi. Karatun yaƙi da jahilcin nan da kika riƙa yi mini dariya a kansa, kina cewa zan zama akawun tukwane, yau ga ranarsa ta zo.

Maganar randarki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai abin da nake so ki ji daga bakina, kada wani ya riga ni ya juya miki shi.

Kin tuna rumfar. Ke kika gaya mini shekarar da aka ba mu mulkin kai aka kafa ta, lokacin ni ina Gwaram ina wasan ƙasa. Mazan gari suka kafa dirkoki suka ɗora jinka, mata masu gini suka daina yi kowa a tsakar gidanta. Yumɓu ɗaya ake haƙowa daga fadama a tara a wuri guda, rami ɗaya ake gashi. Inna Yalwa ce babbarmu. Tana zaune a kan kifaffen turmi, ba ta cika gini ba saboda ciwon baya, amma idonta na kan hannun kowa.

Na zo garin ban san kowa ba, ga ni da bakin da ba ya shiru, ga shi ba wanda zan yi wa surutun. Kika gan ni a bakin rijiya ina yi wa guga faɗa, kika ce in biyo ki. Ranar farko na gina abin da na kira tukunya. Kika ɗaga ta, kika leƙa gindinta, kika ce in Allah Ya yarda kaji za su ji daɗin shan ruwa a ciki. Na yi fushi na tafi gida. Washegari na riga ki zuwa.

Ke kika nuna mini yadda ake tattake yumɓu da ƙaiƙayi har ya daina manne wa ƙafa, da yadda ake goge baki da jiƙaƙƙen tsumma ana zagaya tukunya da baya da baya. Kowa da alamarta a rumfar. Taki totuwar masara ce, kina mirgina ta a wuyan tukunya tun tana da taushi. Ni na ce ba na bukatar alama, karkacewar tawa ta isa a gane ta.

Inna Yalwa tana da dokoki biyu da ba ta ɗaga wa kowa. Ta farko, ba mai sa tukunyar wata a wuta. Wadda ta gina ita za ta jera abinta a rami da hannunta, don in ta fashe kada a ce wance ce ta ajiye ta a bakin iska. An ce kafin zuwana wasu mata biyu sun yi shekaru ba sa ga maciji a kan haka. Ta biyu kuwa, in mai gini ta rasu ta bar ɗanyun tukwane, ba a gasa su. Bayan sadakar uku sai a farfasa su, a zuba musu ruwa, a mayar da su cikin yumɓun jama'a, kowa ta yi gini da shi. In kuwa tafiya ta yi, tukwanenta na nan a inda ta bar su har ta dawo. A lokacin ban ɗauki dokokin a bakin komai ba. Na ɗauka tsufa ne kawai da son a ce da ita Inna.

Sai shekarun fari suka shigo. Ba sai na ba ki labarin farkonsu ba, tare muka gani. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rijiya ta yi nisa har aka riƙa ƙulla wa igiya ƙari. Ruwan da aka wanke kwanuka da shi muke tarawa mu kai rumfa mu kwaɓa yumɓu, don ba mai ƙarfin halin zuba ruwan sha a ƙasa. Fulani suka kora shanunsu kudu, kashin shanun da muke gashi da shi ya ɓace, karan dawa kuma awaki suka fi mu bukatarsa. A kasuwar Birnin Kudu kuwa manyan motoci na ta sauke fanteka da bokitai da kwanonin samira masu furanni. Aka ce kuɗin mai ne ya shigo ƙasa. Mu dai ba mu ga man ba, kwanonin muka gani, suka zauna daidai inda masu sayen tukwanenmu ke tsayawa a da.

A cikin wannan halin kika ce za ki gina randa. Kika ce samira ta iya kwalliya amma ba ta iya sanyaya ruwa ba, ko Gwamna sai ya nemi randa. Kika gina ta a lungun rumfa na gabas, kullum kina ƙara mata tsawo kaɗan, har ta kawo mini ƙirji. Ban taɓa ganin kin gina irinta ba. Inna Yalwa, wadda ba ta yabon kowa, ta tashi daga kan turminta ta zagaya ta, ta koma ta zauna. Duk mun gane.

Ba ta gama bushewa ba Malam Sale, maigidanki, ya ce ku tafi Kano cin rani. Ƙananan tukwanenki kin gasa su kin sayar, randar ce kaɗai ta rage, don babban abu irinta in aka sa shi a wuta da sauran danshi tarwatsewa yake yi. Da safen da za ku tafi kika biyo ta rumfa da goyonki, kika shafa wuyanta, kika ce da ni, "Ki duba mini ita, Hansai, kada kaji su hau. Da kaka ina nan." Na ce ki tafi can, sai ka ce wata sarauta kika bar mini. Da na san maganar ƙarshe ke nan da na zaɓi wata.

Kaka ta zo, irin wadda ta zo, ba ki zo ba. Wani direba ɗan garinmu ya ce ya ga Malam Sale yana aikin hanya. Daga baya aka ce kun yi Ikko, wato Legas. Daga nan sai shiru. Can wani ya zo da labarin wai wata mata 'yar wajenmu ta rasu a can, amma bai san sunanta ba, bai san na mijinta ba. Danginki suka yi ta cigiya har suka gaji.

Rumfar ta riƙa raguwa. Wannan ta bi miji, waccan ta koma saƙar faifai, wata ta kwanta ciwo. Inda muke cika har ana gogayyar gwiwa, sai ya zama in na yi tari ina jin amsarsa. Nakan zauna a wurina, naki wurin na hannun damana ba kowa, in yi ta gini ina ba randarki labarin gari. Na gaya mata wanda ya yi aure da wanda ya sayar da jakinsa. Na yi kewarki, Yaya, irin wadda ban yi ta Gwaram ba. Na rasa wanda zai zagi tukunyata.

Bayan labarin matar Ikko, Inna Yalwa ta kira ni gefe. Ta ce, "Hansai, a zuba wa randar nan ruwa." Na ce wa ya ga gawa? Ta ce ba wanda ya gani. Na ce to randa tana jiran mai ita. Sai na roƙe ta ta bar ni in gasa miki, in ta fashe na ɗauki laifin. Ta ce in kina raye ba hannuna ne zai sa ta a wuta ba, in kuma ba kya raye, to ba wuta ce makomarta ba, in zaɓi ɗaya. Na fita ina gunaguni, na kira ta da sunaye a zuciyata waɗanda ba zan rubuta ba. Amma ban zaɓa ba. Na bar randar a tsaye, don muddin tana tsaye kina nan da ranki.

Ƙarshen rani na shekarar da ta fi tsanani, tukwanenmu suka taru ba abin gashi. Gidaje ba hatsi. Muka zauna mu 'yan da muka rage, muka dubi sama, muka ga jinkar rumfa, busasshiyar ciyawa mai yawa. Da ita muka yi gashin. Ni ma na hau na yaye da hannuna, kuma ba na nadama, don kuɗin tukwanen nan ne ya kai yaranmu ga damina. Na so in kai randarki gida, amma kin san ɗanyar randa mai wannan girma ba ta tafiya. Daga lungunta zuwa bakin rami ma sai mata huɗu da tabarma, balle a ratsa duwatsun nan har unguwarmu. Na rufe ta da tsohuwar tabarma da zana, na danne da duwatsu. Na ce kafin ruwa ya sauka maza za su yi mana sabuwar jinka. Ina suka ga ciyawar?

Ran nan da hantsi muna gona ana binne iri tun kafin ruwa, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda muka manta kamanninsa. Kafin mu ankara ruwa ya tsuge. Maza suka ɗaga hannu suna kabbara, mata na guɗa, yara suka tuɓe suna tsalle a cikin taɓo. Ni ma na ce Alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Ban rufe baki ba na tuna. Na yar da ƙwaryar iri na zura da gudu.

Na tarar iska ta yi gaba da zanar, tabarmar na rataye a jikin dirka. Na kwance mayafina na lulluɓa mata, na rungume ta na juya wa ruwan baya. Na yi ta kiran mutane, amma wa zai ji ni, gari duk yana gona yana murna? Ashe ba ta sama abin zai zo ba. Ruwa ne ya kwararo ta ƙarƙashin ƙafafuna ya jiƙa gindinta. Na ji tana yin laushi a hannuna. Ba ta fashe ba, Yaya. Zama ta yi a hankali, kamar mace ta dawo daga rijiya ta sauke tulu. Zanen totuwarki ne ya fi daɗewa, ina kallonsa har ya shafe. Na zauna a cikin taɓon na yi kukan da ban yi ba ranar da kika tafi.

Da ruwa ya ɗauke Inna Yalwa ta zo tana dogara sanda. Ta dubi abin da ya rage, sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "An hutar da ke, Hansai. Tura yumɓun cikin na jama'a." Na ce a'a. Na je gida na ɗauko fanteka, ita dai fantekar da muke zagi, na kwashe yumɓunki tas har da wanda ya manne a zanena, na kai ɗakina. Inna ba ta hana ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Abin da nake so ki ji ke nan. In wani ya ce miki an jiƙa randarki a rumfa, gaskiya ne ta jiƙe, amma ba mu muka zuba mata ruwa ba. Ba wadda ta sa ki cikin matattu. Yumɓunki bai shiga na jama'a ba, ba wadda ta yi gini da shi.

Rumfar ba ta sake samun jinka ba. Shekarar da Inna Yalwa ta rasu, mu uku muka rage, muka farfasa 'yan kaskon da ta bari muka zuba musu ruwa kamar yadda ta koya mana, ni na tattake. Yanzu wurin ya zama gidan wani, da kwanon rufi da famfo. Ni kaɗai nake gini, a tsakar gida, asusu da kaskon turare, gwargwadon abin da yatsuna suka yarda. Har yau suna karkacewa.

Yumɓunki yana nan a ƙarƙashin gadona, ya bushe ya zama dunƙule. Fantekar ta yi tsatsa ta huje, na sake masa wata. Kin san yumɓu ba ya lalacewa. In kin dawo ruwa kawai za ki zuba masa, ni in tattake miki in ƙafa ta bari. In kuma ban ga dawowarki ba, na riga na yi wa babbar 'yata wasiyya. Na ce bayan sadakar ukuna ta farfasa abin da na bari ɗanye, ta jawo fantekar, ta haɗa nawa da naki ta zuba musu ruwa tare. Kafin wannan ranar kada kowa ya taɓa.

Allah Ya sa kina raye cikin rufin asiri, da 'ya'ya da jikoki masu jin ƙanki. In kuwa kin riga ni, Allah Ya yi miki rahama, Ya haskaka makwancinki, Ya gafarta wa Inna Yalwa da duk matan rumfarmu. Allah Ya shayar da mu daga tafkin Manzo, Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Hansai 'yar Gwaram.